Littafin baraden Sarki Arthur a maɗaba'armu

Maɗaba'armu ƙarama ce. Katin biki da rasit da kalanda ne ke riƙe da mu, sai takardun jarrabawa na makarantu idan zango ya zo ƙarshe. Amma duk shekara nakan ware wani abu daga riba mu buga littafin labari namu na kanmu, kuma bana tsohon labarin Turai muka ɗauko, na baraden Sarki Arthur da suka bazama neman tsattsarkan ƙoƙo.

A teburin mai zane aikin ya fara cijewa. Ya same ni da fensir a hannu ya ce, "Yallaɓai, shi abin nan da suke nema, yaya kamanninsa?" To, marubutan farko ma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes, wanda ya fara rubuta labarin tsakanin 1180 da 1190, akushin zinariya ya siffanta, wata budurwa ta ratsa zaure da shi a gidan wani sarki mai jinyar rauni, a gabanta ana ɗauke da mashi yana ɗigar jini. Bayansa Robert de Boron ya ce ƙoƙon jibin ƙarshe ne na Yesu Almasihu, wanda Yusufu mutumin Arimatiya ya tari jininsa a ciki, zancen tarar jinin da babu shi a Littafi Mai Tsarki. Wolfram von Eschenbach na Jamus kuwa dutse ya ce. Shi Galahad, barden da sunansa ya fi yaɗuwa a neman ƙoƙon, sai wajen 1220 ya shigo labarin.

Na zaɓi akushi, na zaɓi Perceval, jarumin waƙar Chrétien. Yaro ne da uwarsa ta rene shi a daji don kada ya san yaƙi, ya girma aka hore shi da cewa barde ba ya yawan magana. Ya ga abin mamaki yana wucewa a gabansa, ya kame baki don ladabi, alhali tambaya ɗaya daga gare shi ce za ta warkar da sarkin. Duk wanda ya tashi cikin kunya da kawaici zai ji wannan a jikinsa, shi ya sa na dage a kansa.

Sai lissafi. Shafi 16 muke bugawa a falle ɗaya, saboda haka ƙarin bayani a baya kan sauran ruwayoyin ya jawo mana ƙarin takarda da farantin na'urar bugu. Na yarda da kuɗin, don ba na so mai karatu ya ɗauka ruwayarmu ce kaɗai. A madadin haka muka bar kala a bango kawai, zanen ciki baƙi da fari, kuma ɗinki muka yi, ba gam ba, tunda littafi a gidajenmu hannu da yawa yake bi. William Caxton ma, mai maɗaba'a a Ingila, da zai buga rubutun Thomas Malory kan Sarki Arthur a Westminster a 1485, sai da ya sa hannu ya raba shi littafi 21.

Chrétien bai kammala waƙarsa ba. Ƙarshen labarin daga Wolfram muka aro shi, inda jarumin ya koma ya yi wa sarkin tambayar, kuma mun ja layi a shafin muka rubuta a fili cewa daga nan ruwaya ta canja.