Godiya kafin jirgi ya tashi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya bayan la'asar aka yi saukar Alƙur'ani da ƙwarya-ƙwaryar walima a gidanmu da ke Gwammaja. Jibi kuma, in Allah ya kai mu, zan hau jirgi a filin jirgin Malam Aminu Kano, mu bi ta Alƙahira zuwa Ingila, inda zan yi digiri na biyu a fannin injiniyancin ruwa. Tun da taro ya watse nake lissafin gidajen da ya kamata in taka da ƙafata in durƙusa in yi godiya, na ga kwana biyun da suka rage ba za su kai ni ko rabi ba. Shi ya sa na zauna bayan sallar asuba nake wannan rubutu. Ba zan kama sunan kowa ba, don da yawanku kun roƙe ni kada in faɗa. Amma kowa zai gane kansa.

Alhamdulillahi. Allah ne ya yi, ba wayona ba, ba kuma arzikin gidanmu ba.

Takardar samun gurbi ta fara zuwa ne a watan Mayun 2023, ina dab da gama bautar ƙasa, har jami'ar ta yafe mini wani kaso na kuɗin makaranta. A daren muka zauna da Abba a tsakar gida, ya ɗauko biro ya yi ta lissafi a bayan ambulan, ya ɗago ya ce in aka sayar da filinsa na Janguza za a iya. Filin nan shi kaɗai ya mallaka bayan gidan da muke ciki, da kuɗin sallamarsa daga aiki ya saye shi. Ba a yi wata guda ba, cikin Yuni, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ya bar kasuwa ta riƙa yi mata farashi. Abin da ya biyo baya ba sai na ba ɗan Najeriya labari ba. Zuwa Fabrairun 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000 a kasuwar 'yan canji ta Wapa. Filin da zai ɗauki karatun gaba ɗaya ya koma ko rabi bai kai ba. Na rubuta wa makaranta suka ɗaga mini zuwa bana, amma a zuciyata na riga na haƙura.

Abba, ku ne ba ku haƙura ba. Ambulan ɗin nan yana cikin aljihun rigarku ta sallar Juma'a har yau, na gani. An soke lambobi an sake rubutawa har babu sauran wuri. Allah ya ja da ranku, ya ba ni ikon faranta muku.

Ga wanda yake da niyyar bin wannan hanya, bari in faɗi abin da ake nema a lokacin da na cike tawa takardar biza a shekarar 2024, don a san nauyin abin da mutanen nan suka ɗauka. Sai makaranta ta ba ka lambar da suke kira CAS, wato shaidar ta karɓe ka, bayan ka biya kafin alƙalami. Kuɗin biza fam 490. Kuɗin lafiya fam 776 a kowace shekara. Gwajin tarin fuka dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, ni a Abuja na yi nawa. Babban dutsen shi ne shaidar kuɗin zama: fam 1,023 a wata har wata tara ga wanda makarantarsa ba a Landan take ba, wato fam 9,207, kusan naira miliyan 19 a canjin lokacin, ga kuma ragowar kuɗin makaranta a kai. Kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusunka ko na iyayenka, ba tare da sun gaza adadin ba ko da rana ɗaya.

Umma ce ta fara. Wata safiya ta kira ni ɗaki, ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta fito da gwangwanin alawa. A ciki, cikin auduga, sarƙa ce da 'yan kunne da awarwaro biyu da ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali. Tun ina ƙarama na san don ranar aurena aka ajiye su. Tare muka je wurin mai gwal. Ya ɗora su a kan ɗan sikelinsa ɗaya bayan ɗaya, yana danna kalkuleta, ni kuwa fuskar Umma nake kallo. Ko gezau. Sai da muka shiga adaidaita sahu muna dawowa na ga tana murza wuyan hannunta, wurin da awarwaron yake zama. Na fara kuka, ta ce, "Ke, rufa mini asiri a titi. Gwal a kasuwa yake, duk ranar da aka samu kuɗi za a saya. Wannan dama kuwa ba a sayar da ita." Umma, ba ni da bakin gode muku. Allah ya sa ni ce zan mayar muku da ninkinsu, ku sa a hannunku ina gani.

Daga nan abu ya yi ta zuwa ta inda ban zata ba. Gwaggo ta roƙi uwar adashensu aka ba ta kwasar da ba tata ba ce, ta koma ƙarshen layi. Yayana da ke Kantin Kwari ya rage dilolin atamfar da zai saro na kakar biki, kuma shi ne kullum kafin ya buɗe shago sai ya biya ta Wapa ya turo mini farashin fam na ranar. Mijin Anti ya ba da rance ya ce babu ranar biya. 'Yan ajinmu na Jami'ar Bayero, a zaurenmu na WhatsApp, suka yi karo-karo ba da sanina ba har suka haɗa kuɗin biza cif, alhali na san wasunsu har yau ba su samu aiki ba. Akwai wanda ya turo naira 2,000 ya biyo ni ta gefe yana ba ni haƙuri. Ɗan'uwa, dubu biyun nan taka tana cikin bizar da ke jikin fasfona.

A farkon Yuli kuɗi suka cika a asusun Abba, muka fara ƙirga kwana. A rana ta 19 Yaya ya kira ni da hantsi, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in sake buga lissafi. Da canjin ranar da ka cike takarda ake auna kuɗinka, naira kuwa ta sake zamewa. Abin da ya isa a farkon wata ya gaza. Ciko kuma ba ya gyara kwanakin baya, sai dai a cika a koma rana ta ɗaya. Ga makaranta za a buɗe a ƙarshen Satumba. Ga shi duk wanda za a iya tambaya an riga an tambaye shi. A ranar ba a ɗora tukunyar rana a gidanmu ba.

A nan zan yi maganar Baffa, kuma da izininsa nake yi.

Duk dangi sun san Baffa bai goyi bayan tafiyar nan ba. Shi ne babba a gidan su Abba, kuma tun bara ya ce bai ga dalilin da za a ɗauki 'ya mace, ba aure, a kai ta ƙasar da ba ta da kowa ba. Na ji zafin maganar a lokacin, na yi wata biyu ina gaishe shi a tsaitsaye. Yanzu na gane tsoro ne irin na uba. Saboda maganarsa ce aka tashi aka nemi wanda zai riƙe ni a can, har Allah ya haɗa mu da ɗan maƙwabtanmu, likita, da ke zaune da iyalinsa a garin da zan je. Matarsa ta yi magana da Umma ta bidiyo, ta zagaya da wayar ta nuna mata ɗakin da zan sauka da masallacin da ke bayan layinsu.

Abba bai gaya wa Baffa kuɗi sun gaza ba, nauyinsa yake ji. A bakin Gwaggo ya ji. Bayan magariba sai ga shi daga Dawanau, ƙurar kasuwa ba ta bar rigarsa ba. Bai shiga ciki ba, a soro ya zauna ya ce a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Nawa ne ya rage?" Na faɗa. Ya ce, "In an ƙara, canjin ba zai sake cinye shi ba?" Na ce sai dai a sa da rara. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Me za ki karanto a can da babu shi a nan?"

Na ce, Baffa, famfon gidan nan rabonsa da ruwa tun ina sakandare. Kullum sai mun tsayar da ɗan garuwa, kuɗin jarka kuma kullum gaba yake yi. Alhali tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa cikin birni. Ga dam ɗin Tiga, ga matatar Tamburawa. Ruwa akwai shi. Tsakanin matata da gidajen mutane ne yake ɓacewa: bututu sun tsufa suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa, injin turawa yana jiran wuta, gari kuma ya faɗaɗa ya wuce inda aka shimfiɗa bututun. Yadda ake gano inda ruwa ke zurarewa, da yadda ake raba shi ya kai kowace unguwa, shi nake so in koyo a wurin waɗanda suka daɗe suna yi.

Bai ce na burge shi ba. Cewa ya yi, "Ban canja ra'ayi a kan hatsarin tafiyar nan ba. Amma tunda ubanki ya yarda, ba za a ji kunya a gidanmu ina raye ba." Washegari ya sayar da buhunan riɗin da ya ajiye yana jiran su yi tsada, kafin azahar kuɗi sun shiga, har da rarar. Sharaɗi uku ya kafa mini: salla a kan lokaci, kiran Umma duk Juma'a, da dawowa gida in an gama. Baffa, na karɓa, kuma ga shi na rubuta a inda jama'a za su zama shaida. Ku yafe mini gaisuwar tsaitsayen nan.

Kwana 28 na biyu su ne suka fi tsawo. Miliyoyi na kwance a asusun Abba, amma ko sisi ba a isa a taɓa ba, duk abin da ke hannun kowa kuma an riga an zuba a ciki. Ana cikin haka zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano, kasuwanni suka rufe, Yaya ya zauna a gida. Mai kantin bakin layinmu ya riƙa ba mu shinkafa da mai da sabulu, da ƙanena ya ce a rubuta sai ya ce ba ya rubuta bashin gidan Malam. Maƙwabciyarmu ta bayan gida kwana huɗu tana miƙo kwanon tuwo ta kan katanga, tana cewa wai ta yi da yawa ne. Mun san ba ta yi da yawa ba. Mai kemis ɗin unguwa bai bari maganin hawan jinin Umma ya yanke ba. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira kamar yadda kuka rufa mana.

Na gode wa malamina da ya rubuta mini takardar shaida cikin dare ɗaya, ya kuma karanta bayanin da na rubuta wa makaranta sau uku yana gyarawa da jan biro. Na gode wa aminiyata da mijinta, da suka bar mini falonsu da kwamfutarsu da janareta har ƙarfe ɗayan dare ranar da muka cike takardar biza, ita tana karanto lambar fasfo ina bugawa. Yaya ya raka ni Abuja sau biyu, mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa, kuma 'yar'uwar Umma da ke Kubwa ta sauke mu kamar ta shekara tana jiranmu. Ƙanwata ta yini a Kofar Wambai tana tona dilar gwanjo har ta samo mini rigar sanyi mai kauri. Telanmu ya ɗinka mini dogayen riguna uku ya ƙi karɓar kuɗin ɗinki. Malamarmu ta Islamiyya da ɗalibanta su suka yi saukar jiya.

Masu kawo tsaraba, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji duk sun shiga akwati. Kilishin ne ba zai tafi ba, don ba a shiga Ingila da nama daga nan. Kada wanda ya kawo ya ji babu daɗi, an raba wa almajiran da suka yi karatu jiya, sun kuma yi muku addu'a.

Sai kakata, Hajiya Babba, wadda tun ina zanen goyo take kirana kishiyarta. Jiya da mutane suka ragu ta jawo ni gefen gadonta, ta kwance bakin zaninta, ta fito da kuɗi a naɗe da kyauro, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari-ɗari, sun yi laushi saboda daɗewa. Kuɗin daddawar da take sayarwa ne daga ɗaki. Naira 7,400. Ta ce in sha ruwa a hanya. Na buɗe baki zan ce ta bar su, ta damƙe hannuna da nata biyun, ta tofa mini addu'a a ka, ta ce, "Ki je ki dawo ki same ni. In kuma ba ki same ni ba, na yafe miki." Ba zan canja kuɗin nan ba, Hajiya. Suna cikin jakar fasfona, a naɗensu.

Duk wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, musamman a watannin nan da hankalina ba ya jikina, ya dubi girman Allah ya yafe mini. Ni ban riƙe kowa ba. Masu cewa za su raka ni filin jirgi, mota biyu ce kawai kuma ta cika da tsofaffi, addu'arku ta wadatar. Abin da nake roƙo shi ne, wanda hanya ta biyo da shi Gwammaja ya leƙa ya gaida Umma, musamman da yamma bayan la'asar, lokacin da muka saba zama ni da ita muna tsince shinkafa.