Makarantar da iska ke ratsawa a hanyar Kalgo

A watan Afrilu na tashi daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. A Aliero direba ya tsaya ya cika but da albasa, har muka isa Jega warinta na bin mu. Daga nan muka karkata Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take, wadda aka kafa a 2013. Ni dai ba jami'ar ta kai ni ba. Wani abokina malami ne ya matsa sai na ga ginin makarantar da yake koyarwa.

Mun saba da dogon lungu mai duhu, ajujuwa hagu da dama. Nan ba haka ba ne. Kana shiga sai wani faffaɗan zaure marar ƙyaure, daga shi ka faɗa fili mai inuwar dogonyaro. Ajujuwan jeri biyu ne, ɗaya kudu ɗaya arewa, kowanne da baranda mai faɗin da mutum huɗu za su jera ba gogar kafaɗa. Tagogi duk kudu da arewa suke kallo, gabas da yamma kuwa bango ne, don kada hantsi da ranar la'asar su shiga aji kai tsaye. Can ƙarƙashin rufi an jera bulo mai huda. Iska mai zafi sama take tashi, sai ta fice ta nan, mai sanyi ta shigo ta taga. Ba wuta a ranar, fanka ko ɗaya ba ta juyawa, amma na zauna a bayan aji har aka gama darasi ban jiƙe da gumi ba.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara na tsaya kallo. Matakala biyu ce, ɗaya a kowane ƙarshe, yara suka watsu ba turereniya. Shugaban makaranta daga bakin ofishinsa yana hangen kowace ƙofa, mai niyyar sulalewa sai ya sake shawara. A ganina mai zanen tsarin gidajenmu ya ɗauko, zaure da tsakar gida, ya ƙara musu faɗi.

Na fara yabo ke nan maigadi ya katse ni.

"Malam, ka dawo da hunturu ka gani. Ƙura har cikin littafi."

Abokina ya ce gaskiya Baba ya faɗa. Ga hayaniya kuma: in aji ɗaya na maimaita karatu da ƙarfi, na tsallaken fili ma ya samu rabonsa. Da damina iska kan koro feshin ruwa baranda. Dabararsu dai asabari, suna rataya shi a tagogin arewa daga Disamba, su naɗe shi in zafi ya kama. Awakin unguwa ne har yanzu ba a samo musu magani ba, tunda zauren ba ƙyaure.