Ranar da fitilar inji ta koma ƙiftawa

Yau Talata ban yi niyyar wuni a garaji ba. Na fito daga gida a Harobanda, a birnin Yamai, da sassafe, ina kan Gadar Kennedy sai motar ta fara karkarwa, in na taka totur ta yi kamar mai sarƙewa. Fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda ta yi kwanaki a kunne, yau sai ta koma ƙiftawa. Gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai, makon jiya wani ya cire min kan batir na ɗan lokaci, fitila ta mutu, ya ce an gama. Kwana biyu ta dawo.

Na lallaɓa har garajin ɗan aminina a wajen Wadata. Yana leƙawa ya ce, "Kawu, kashe ta tukuna." Wai in fitilar tana ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke wucewa salansa bai ƙone ba, kuma zafinsa na iya cinye katalizar, tukunyar nan mai tace hayaƙi, wadda kuɗinta ba na wasa ba ne.

Ya ɗauko na'urar gano ciwon mota da suke kira baliz, ya durƙusa ya jona ta a wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. OBD-II ke nan, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Lamba ta fito: P0302. Ya bi ta da yatsa yana fassara min. P ɓangaren inji da giya, 0 lamba ce ta gama-gari ga kowace ƙira, 3 sashen wuta, 02 kuma silinda ta biyu ce ke fashin wuta.

Na ce, "To ɗana, sai a sayo me?" Ya ce ba yanzu ba. Lambar ta nuna ɗakin da ɓarawo ya shiga, ba ta faɗi sunansa ba: ko buji ne mai ƙyasta wuta, ko bobin mai ba shi wutar, ko injekta mai fesa mai. Nan yaron ya burge ni ƙwarai. Ya zare bobin na biyu ya mayar a na uku, na uku ya dawo na biyu, ya goge lambar, muka zaga unguwa. Da muka dawo baliz ta ce P0303. Ciwon ya bi bobin ya sauya ɗaki!

Ya kwance bujin silinda ta biyu ya miƙo min. Bakinsa baƙi ƙirin, a jiƙe, yana warin fetur, har ya ɓata min yatsu. Matatar iska kuwa da ya buga ta a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi ja wur.

Muka sa bobin ɗaya da buji 4, aka canza matatar. Aikin na'urar jika 5 ya karɓa, na ba shi da zuciya ɗaya. Ya ce in yi ta hawa kwana uku in dawo ya sake jonawa, don kwamfutar motar sai ta gama nata gwajin a kan hanya.

Ana kiran magariba na sake hawa gadar. Na kashe rediyo ina sauraren inji har bakin ƙofar gida, ido ɗaya a titi, ɗaya a wurin fitilar. Ba ta kama ba.