Godiya bisa jinyar Baba, da bayanin injin da kuka haɗu kuka saya masa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifinmu da Mma da dukan gidanmu da ke Aboabo, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, na nan Kumasi da na Accra da na ƙetare, waɗanda suka tsaya mana a rashin lafiyar Baba. An sallame shi, yana gida, jininsa ya sauka, Juma'ar da ta wuce ma da ƙafarsa ya je masallaci. Shi ya sa ni rubuta wannan. Ba zan kama suna ba, domin da yawanku kun roƙi kada a ambace ku, amma kowa zai gane kansa.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta tambaya: wai injin me aka yi wa karo-karo, alhali an ce hawan jini ne ya kwantar da shi? Tun da kuɗinku ne, haƙƙinku ne ku ji.

Baba yana da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan ya kwanta, naman maƙogwaronsa kan saki ya toshe hanyar iska, sai minsharin ya yanke tsit, ƙirji yana ta kokawa, can sai ya zabura da wani irin gurnani ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Na Baba ya haura 40 lokacin da aka fara gwada shi. Maganin da aka ɗora shi a kai shi ne injin da ake kira CPAP, wanda wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981. Ba iskar oksijin yake bayarwa ba, kamar yadda wasu suka ɗauka. Iskar ɗaki ce fanka ke ja, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin hanci da wani ƙarfi da likita ya tsayar, ƙarfin nan shi ke riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Yayanmu da ke Bronx a Amurka ne ya aiko masa da shi a 2016, kuma Allah ya sani injin nan ya yi mana aiki. Baba ya daina gyangyaɗi a shago, Mma ta samu barci.

Godiya ta farko ta Mma ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun farkon hunturu take cewa minsharin Alhaji ya dawo, da takunkumin a fuskarsa fa. Ta ce kukan injin ya canja, da can huci kawai yake, yanzu har da wani siririn fito da gurzawa, wani lokaci ya ɗauke cikin dare ya sake tashi da kansa. Ta lura Baba yana tashi fitsari sau da yawa, yana wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, yana barci a zaman tahiyya. Yaransa na shago a Alabar su ma sun ce yakan yi shiru a tsakiyar ciniki, a duba a ga ya tafi. Duk wanda aka gaya wa sai ya ce girma ne, ko gajiya. Mma ba ta yi boko ba, amma abin da ta lissafa shi likita ya zo ya lissafa daga baya, bai ƙara komai ba. Mma, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ranar da abin ya faru, bayan sallar asuba ne harshensa ya yi nauyi, ya kasa miƙewa daga kan darduma. Ina godiya ga maƙwabcinmu mai firagiya, wato babur mai ƙafa uku, da ya fito ko riga bai gama sawa ba, ya kai mu asibiti, ya zauna har azahar, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Ina godiya ga likitoci da nas-nas da suka karɓe shi. Sun ce gargaɗi ne, bai kai shanyewar ɓarin jiki ba.

Akwai wata likita da zan ware. Ita ce ta duba katinsa ta ga magungunan hawan jini har iri uku amma jinin ya ƙi sauka, ta tambaya yaya barcinsa. Da aka ce ai yana da inji, ba ta ce to madalla ta wuce ba. Ta ce a kawo injin ta gani. Ta yi mana bayani cewa wannan ciwo idan ba a danne shi ba yana cikin abubuwan da ke sa hawan jini ya ƙi jin magani, yana kuma wahalar da zuciya, domin duk zaburar da mutum ya yi cikin dare jikinsa a firgice yake.

A nan ne gardama ta tashi a gida, kuma ita ce dalilin da na tsawaita rubutun nan, domin na san gidaje a Asawase da Sawaba da Tafo da ke da irin wannan inji a gefen gado.

Kawu ya ce inji yana tashi, fitilarsa tana kamawa, iska tana fita, a kan me za a jefar da shi? Ya ce mu a garin da ke da Magazine, inda ake tayar da motar da Bature ya yafe shekara talatin, ba a kawo mana zancen wai abu ya tsufa. Maganarsa ba ta wasa ba ce, kuma kuɗin sabo da dala ake lissafa shi, sidi kuwa kun san halin da yake ciki. Likitar ma ba ta ce a ruga a sayi sabo ba. Ta ce a fara da masu araha. Robar takunkumi tana saki cikin 'yan watanni ta riƙa zubar da iska ta gefe, tiyo yana tsagewa inda ido ba ya gani, matatar ƙura tana toshewa, balle a hunturunmu. Sau da yawa, in ji ta, laifin waɗannan ake ɗora wa inji. Ta kuma ce idan mutum ya ƙara ƙiba ko ya rame, ƙarfin iskar da aka tsayar masa shekarun baya zai iya daina yi masa daidai, alhali injin lafiyarsa lau. Aka canja takunkumi da tiyo da matata. Minshari ya ragu kaɗan, bai tafi ba.

Sai aka kai injin wurin wani matashi mai gyaran kayan asibiti, ɗan Zangonmu ne, da yawanku kun san shi. Ya shiga cikin saitin ya nuna mana abin da ba mu taɓa sanin yana nan ba: injin yana ƙirga awowin da fankarsa ta yi tana juyawa. Na Baba ya haura awa 21,000. Ku yi lissafi, wanda ke barcin awa bakwai kullum, a shekara biyar bai kai awa 13,000 ba, kuma shekara biyar ita ce abin da aka saba ɗauka a matsayin rayuwar irin wannan inji. Inshorar lafiya ta Medicare a Amurka ma bayan shekara biyar take biyan kuɗin sabo. Sannan ya haɗa ma'aunin ƙarfin iska a bakin tiyo. Ƙarfin iskar waɗannan injina a ma'auni yana tsakanin 4 da 20. An tsayar wa Baba 11, fuskar injin tana nuna 11, ma'auni kuwa yana lilo tsakanin 7 da 8. Wato watanni ke nan Baba yana ɗaure fuskarsa kowane dare, yana jin iska a hancinsa, hankalin kowa a kwance, alhali iskar ba ta isa ta buɗe masa maƙogwaro ba.

Kawu ya ce to a canja fankar. Matashin nan ya ce, "Kawu, zan iya buɗe shi, zan iya samo fanka ta hannu in sa, in karɓi kuɗinku. Amma farantin da ke ɗumama ruwan da ke jiƙa iskar ya mutu, maɓallin yana maƙalewa, allon wutar ya sha dumso, wato yawan ɗauke wuta da dawo da ita. In na gyara wannan, gobe wancan ne, kuma ba zai gaya muku ranar da ya sake ragewa ba." Ya ƙi aikin da zai ci riba a kai. Ni a wurina wannan ƙin da ya yi yana cikin manyan taimakon da muka samu, Allah ya yi wa sana'arsa albarka. Ra'ayina bayan abin da na gani shi ne, shekara biyar ɗin nan lissafin ƙasashen sanyi ne masu tsayayyar wuta. Injin da ke shaƙar ƙurar hunturu, yana kwana cikin zafin Kumasi, wuta tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, bai kamata a jira ya mutu murus kafin a kai shi awo ba.

Shi ne kuma ya hana mu sayen wani na hannu da aka kawo mana da araha. Ya tuna mana cewa a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injinan numfashi, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya ruɓewa ya zama gari, mai barci ya shaƙa, kuma zafi da laima suna hanzarta ruɓewar. Na Baba ba ya cikinsu, mun duba. Amma duk mai inji da aka aiko masa daga waje kafin wannan lokaci, ko mai shirin sayen na hannu, ya juya ƙasansa ya karanta lambar, ya sa a bincika masa, ya kuma nemi a nuna masa awowin da ya yi.

Yanzu ga waɗanda suka ɗauki nauyin. Kawu, bayan duk gardamar, shi ya fara ajiye nasa, kuma nasa ya fi na kowa. Kawu, mun gode, Allah ya ƙara girma. Matan adashin Mma sun ba ta ɗaukar wannan wata alhali ba layinta ba ne. Abokan cinikin Baba na Alabar sun haɗa nasu cikin ambulan suka aiko ba tare da an roƙe su ba. Samarin majalisar ataya na ƙofar gidanmu, waɗanda kullum Baba ke yi wa faɗan hira har tsakar dare, su suka riƙa kwana a asibiti bi da bi don mu samu mu runtsa. Liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i, kuɗi suka yi ta shigowa ta MoMo, wato turawa ta waya, daga lambobin da har yau ban san masu su ba. Goggonmu ta Nima ta hau mota ta zo da kanta, ta karɓi girki, koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, ta kuma kafa dokar rage gishiri da har yanzu Baba ke ƙorafi a kanta.

Yaya ya cike sauran. A Amurka ba a sayar da injin sai da takardar likita, don haka likitarmu ta rubuta aka tura masa. Ina godiya ga Hajiyar da ta yarda ta riƙo shi a hannu har filin jirgin Accra, ta rage nata kayan saboda shi, da direban da ya kawo shi Kumasi a daren. Sabon irin mai daidaita kansa ne, yana ƙara iska idan ya ji maƙogwaro zai toshe, ya rage idan hanya ta buɗe, yana kuma rubuta komai a katin memori, likita ta karanta ta ga sau nawa numfashi ya tsaya. A dubawar da aka yi makon jiya ya sauko ƙasa da 5 a awa. Masu tambayar wuta: abin cajinsa yana karɓar ƙarfin wuta daga 100 zuwa 240, tamu kuwa 230 ce, kan fulogin kawai aka canja. Daga cikin kuɗin da kuka tara mun sayi sitabilaiza da batir da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta, da matatun ƙura na shekara guda. Lissafin yana hannuna a rubuce, duk mai son gani ya zo.

Mutum biyu sun riga sun nemi a ba su tsohon injin. Ku yi haƙuri, Baba ya ce ba zai ba wani abin da aka auna aka ga ba ya cika aiki ba. Matashin nan zai cire abin da ke da amfani a jikinsa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya jiƙan magabatanmu. Masu son zuwa gaisuwa, ƙofa a buɗe take daga la'asar zuwa magariba. Bayan isha'i kuwa Mma ta ce ko Sarkin Zango ne sai dai ya dawo gobe, domin likita ta ce Baba ya riƙa kwanciya da wuri.

Wassalam.