Yadda na zaɓi fedal ɗin dile don jitar lantarki a Jos

Ina kaɗa jita a sujadar Hausa ranar Lahadi, wasu Asabar ɗin kuma a wuraren biki tsakanin Jos da Bukuru. Fedal ɗaya, wato ɗan akwatin sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, nake nema da zai yi mini duka biyun. Kafin in duba sunan kowane kamfani, sai da na ɗauki takarda na rubuta saurin waƙoƙin da muke yawan yi, domin wannan lissafin shi ne ya kawar da rabin fedalolin da ake ta yabo.

Aikin dile shi ne ya riƙe sautin da ka kaɗa ya maimaita maka shi bayan ɗan lokaci, kuma da milisakan ake auna lokacin, wato kashi ɗaya cikin 1000 na sakan. Ka raba 60,000 da yawan bugun waƙa a minti ɗaya, abin da ya fito shi ne tsawon bugu guda. Waƙa mai bugu 120 tana ba da milisakan 500. Mai bugu 70, irin waƙoƙin sujada masu tafiya a hankali, tana ba da 857. Salon da masu jitar coci suka fi so, wanda amsa-kuwwar ke faɗowa a tsakanin notocinka har ka ji kamar mutum biyu ne ke kaɗawa, kashi uku cikin huɗu ne na bugun: 375 a bugu 120, 643 a bugu 70.

Yanzu ɗora waɗannan lambobi a kan fedalolin. Boss DM-2 na 1981 iyakarsa milisakan 300. Deluxe Memory Man na Electro-Harmonix yana kai 550, MXR Carbon Copy kuma 600. Kenan Carbon Copy, duk da daɗin muryarsa, ba zai ba ka 643 ba. Waƙa ta sauka ƙasa da bugu 75, salon nan ya fi ƙarfinsa. Boss DD-3, wanda ya fito a 1986, yana kai 800, DD-7 na 2008 sakan 6.4, DD-8 na 2019 sakan 10. Babu mai buƙatar sakan goma a coci, amma ratar da ke tsakanin 600 da 900 nan ne rabin waƙoƙinmu suke zaune.

Kiɗanmu na gida kuma yana da nasa lissafi. Yawancin waƙoƙin zumuntar mata da na rawar biki bugunsu kashi uku yake rabuwa, ba biyu ko huɗu ba. Idan ƙafarka tana taka 100 a minti, bugu ɗaya 600 ne, sulusinsa 200, sulusi biyu 400. Ka saka 450 a nan, wato kashi uku cikin huɗu, za ka ji jita tana tuntuɓe da ganga. 400 ke zama daram. Bidiyoyin gwajin fedal da ake gani a YouTube kusan duk a kan bugu mai rabuwa huɗu ake yin su, saboda haka ba za su nuna maka wannan ba.

Sai batun mai ganga. Ba injin ba ne, kuma jama'a suka tashi rawa sai waƙa ta ƙara gudu. Fedal da ba ya karɓar sauri ta hanyar takawa, abin da ake rubuta Tap Tempo a jikinsa, zai sa ka riƙa sunkuyawa kana murɗa maɓalli a tsakiyar waƙa. A wurina wannan sharaɗi ne, ba ƙari ba. Tsohon DD-3 ba shi da shi, sai DD-3T na 2019. Carbon Copy na asali ma ba shi da shi, sai Deluxe ɗinsa, wanda kuma yake kai milisakan 1200. Flashback na farko daga TC Electronic wata dabara yake da ita: ka danne matakin da ƙafa ka kaɗa igiyoyi a kan bugun, amma jitar tana yin shiru a lokacin, wanda ba kullum waƙa ke ba ka wannan sarari ba.

Muhawarar analog da dijital, wadda matasa ke kwana a kanta, ta fi sauƙi idan ka san abin da ke faruwa a ciki. Na analog yana amfani da wani guntun lantarki da aka ƙirƙira a kamfanin Philips a ƙarshen shekarun 1960, mai ɗauke da dubban ƙananan ma'ajiyar caji a jere. MN3005 na Panasonic yana da 4096. Sautin yana wucewa daga wannan zuwa wancan kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon kankare ranar zuba dakin: kowane hannu sai ɗan wani abu ya zube. In kana son jinkiri mai tsawo, dole a rage saurin miƙawar. A milisakan 300 da guntu ɗaya, agogon da ke tura sautin yana saukowa kusan 6,800 a sakan, abin da kunne ke iya ji a matsayin fito, don haka ake saka matatar sauti ta yanke duk kaifin da ke sama da kusan 3,000. Dalilin duhun muryarsa kenan, kuma dalilin gajartar lokacinsa. Na dijital yana mayar da sautin lambobi ya ajiye, ya dawo da shi tas yadda ya shiga.

Wanne ya fi? Ya danganta da wanda ke gefenka. Inda akwai kibod biyu da mawaƙa ashirin, amsa-kuwwa mai kaifi tana gogayya da muryoyi, mai duhu kuwa tana komawa baya ta bar musu wuri. Amma salon kashi uku cikin huɗu yana son maimaici mai fitowa sarai, kusan daidai da ƙarfin notar farko. Shi ya sa na karkata ga dijital mai yanayin Analog a ciki. Masu kunnen sutudiyo za su ce kwaikwayon bai kai na gaske ba, na kuma yarda, sai dai ta cikin sifikun coci da ke rataye a bango ban ga wanda ya taɓa bambance su ba. Abu ɗaya dai ka bincika: a wasu fedalolin, rabon bugun ba ya aiki a kowane yanayi, kana shiga Analog sai ya koma bugu cikakke kawai.

Ƙananan fedalolin nan masu araha da ake rubuta analog a jikinsu, da yawa guntun PT2399 ne a ciki, wanda dijital ne da aka dusashe muryarsa. Ba laifi ba ne, kuma a gajeren lokaci suna da daɗi. Ka dai murɗa lokacin ya wuce 400 ka saurara, za ka ji maimaicin ya fara ƙura-ƙura da shuu.

Ɗakin da za ka yi kiɗa shi ma dile ne, wanda ba ka saya ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan. Bangon baya da ke nesa da mita 20 zai dawo maka da sautinka bayan kusan milisakan 117, domin tafiyar zuwa da dawowa mita 40 ce. Manyan ɗakunan taronmu masu tayil a ƙasa, bangon siminti da rufin kwano babu silin haka suke. A irin wurin, gajeren jinkiri na 80 zuwa 140 ɓata lokaci ne, ɗakin ya riga ya yi maka. Abin da nake yi shi ne in bar Feedback, maɓallin yawan maimaici, yana nuna wajen ƙarfe 9 kamar hannun agogo, maimaici ɗaya ko biyu, Level kuma, maɓallin ƙarfin maimaicin, wajen ƙarfe 10. A fili ƙarƙashin rumfa, inda babu bangon da zai amsa, ina kai Feedback ƙarfe 11, maimaici uku zuwa huɗu. Kuma saitin da ka yi lokacin gwaji a ɗaki wayam zai canza idan mutane suka cika, domin jikinsu da tufafinsu suna shanye amsa-kuwwar. A lokacin za ka iya ƙara Level kaɗan.

Akwai kuma mai kula da miksa. Da yawansu suna buɗe eko a kowane layi saboda mawaƙa na so. Ekon miksa da naka ba za su taɓa zama a lokaci ɗaya ba, sai su haɗu su zama hayaniya. Tun kafin a fara nake zuwa in ce, “Ɗan'uwa, don Allah a rufe mini eko a layin jita, ina da nawa a ƙasa.”

Wuta ce ta fi kashe fedal a nan, ba takawa ba. Kusan duka suna cin volt 9 na DC, da bakin adafta mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa negatif ce. Adaftar kibod da ta rautar intanet galibi volt 12 ne kuma tsakiyarsu fozitif, ga shi bakinsu yana iya shiga ramin fedal lafiya lau. A kan dandamalin coci, inda adaftoci ke zube wuri ɗaya, kuskuren minti ɗaya ne. Na naɗa wa tawa jan salatif, na kuma rubuta a jikinta. A kula da wasu tsofaffin kaya: Line 6 DL4 na farko volt 9 na AC adaftarsa ke bayarwa, wanda zai iya ƙona fedal na DC, tsohon Deluxe Memory Man kuma volt 24 yake so. Adaftar da ta zo daga Amurka a cikin kwalin fedal na hannu, karanta bayanta tukuna. In an rubuta 120V kaɗai, wutarmu ta 230 za ta gama da ita nan take. Wadda aka rubuta 100–240V ita ce ta dace da mu, ta kuma fi jure hawa da saukar wutar janareta.

Sai yawan abin da fedal ke ja. Carbon Copy bai kai miliamfa 30 ba. DD-7 yana jan kusan 55, Flashback 100, Strymon Timeline kuwa adafta mai 300 yake buƙata. Adafta ta fi ƙarfin abin da fedal ke nema ba matsala, ɗaukar abin da yake so kawai zai yi. Ta gaza ce matsala: fedal ya riƙa mutuwa yana tashi, ko ya yi ta ƙara. Batir mai volt 9 na alkalin bai wuce miliamfa-awa 500 da ɗan wani abu ba, saboda haka a dijital sa'o'i kaɗan zai yi, masu arahar nan na kanti ko sujada ɗaya ba lallai su kai ba, balle da sanyin safiyar Disamba a Jos da ke rage wa batir ƙarfi. In ka bar waya a ramin Input, batir yana ci ko fedal a kashe yake.

Wayar nan mai rassa da ke ciyar da fedal biyar daga adafta ɗaya tana aiki da na analog. Ka haɗa dijital da ofadiraif (fedal mai murɗa sauti ya yi kaushi) a kanta, sau da yawa wani siririn fito zai bayyana, domin hayaniyar agogon dijital tana bin layin ƙasa da suka yi tarayya a kai, ofadiraif kuma ya ƙara mata ƙarfi. Maganin shi ne dile ya samu adaftarsa shi kaɗai, ko akwatin wuta mai ramuka a ware.

Wajen jerawa, dile bayan ofadiraif yake zama. Ka sa shi a gaba, maimaicin da notar da kake kaɗawa za su shiga murɗiya tare su cakuɗe, maimaicin kuma ya ƙi dusashewa yadda ya kamata. In daga amfilifaya kake samun ƙazantar sautinka, nemi ramukan Send da Return a bayanta ka saka shi a nan. Ka kuma gwada abin da ke faruwa idan ka kashe shi a tsakiyar maimaici. Carbon Copy yanke wutsiyar yake yi nan take, DD-7 kuwa yana barinta ta ƙare da kanta. A waƙa mai sanyi, lokacin da fasto ya fara addu'a kana janyewa, yankewar nan kowa zai ji ta.

DD-7 na hannu na saya a ƙarshe. Kaya irin wannan yawanci daga Alaba ta Legas suke hawowa, ko a hannun wani makaɗi, kuma farashinsu dala yake bi. Na je da jitata, wayata da adaftata, don in an ji ƙara a san daga ina take. Kowane maɓalli na murɗa a hankali daga farko zuwa ƙarshe ina sauraron ƙarar ƙaiƙayi, na girgiza kan waya a kowane rami, na taka matakin sau da yawa a jere in ga ko akwai takun da zai ƙi kamawa. Na buɗe gidan batir: farin gari ko kore a kan wayoyin alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. In na analog kake gwadawa, kai Time ƙarshe ka daina kaɗawa, fito mai ƙarfi yana nufin saitin cikinsa ya goce. Kukan da yake yi idan ka ƙure Feedback kuwa ɗabi'arsa ce, ba lalacewa ba.

Ƙaiƙayin maɓalli ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Ƙurar hunturu ce ke shiga, kuma feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi yana fitar da ita: fesa kaɗan, murɗa sau ashirin, bari ya bushe. Kada a zuba kananzir ko man keken ɗinki, ƙura za su ƙara tarawa.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne mataki na waje. A DD-7, in kana son taka sauri da matakinsa na jiki, sai ka danne shi sakan biyu kafin ya shiga wannan yanayi, wanda ya yi yawa a tsakiyar waƙa. Yana da rami na musamman da ke karɓar Boss FS-5U. A tabbata mai U ne, wanda ke sakewa da ka ɗaga ƙafa. FS-5L kullewa yake yi, ba zai ƙirga takunka daidai ba. In bai samu ba, matakin sasten na kibod yana yin aikin, muddin yana da ɗan makunnin juya fuska a ƙasansa. Ka jona, ka taka sau huɗu tare da ganga; in fitilar DD-7 tana bin lokacin da kake ɗaga ƙafa maimakon lokacin da kake saukewa, juya makunnin zuwa ɗaya gefen.