Gonakin kanumfari na Zanzibar da abin da na koyo game da tari

Daga Darussalam jirgin ruwa mai gudu ya ɗauke mu, cikin kusan awa biyu sai ga fararen gine-ginen tsohon birnin Zanzibar sun bayyana a bakin teku. Ban daɗe a birnin ba, duk da kyansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa, waɗanda suna cikin abin da ya sa UNESCO ta saka shi a wuraren tarihi na duniya a 2000. Gonaki na zo gani. Washegari da sassafe na shiga mota zuwa ƙauyen Kizimbani, a tsakiyar Unguja, babban tsibirin Zanzibar.

Tun kafin mu sauka ƙamshi ya tare mu. An shanya kanumfari a tabarmi a gefen hanya, wani jajaja-jajaja, wani ya riga ya yi baƙi. A nan na ga yadda yake: tohon fure ne da ake tsinkewa da hannu kafin ya buɗe, a bar shi a rana 'yan kwanaki. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne na Indunusiya. A farkon ƙarni na 19 ta iso nan, Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya yaɗa nomanta, kuma bayi ne suka yi wahalar. Wannan ya tsaya mini a rai ina tafe a inuwar bishiyoyin. Guguwar 1872 ta kakkarya mafi yawan na Unguja, shi ya sa yau tsibirin Pemba ne ya fi noma shi.

Wani dattijo ne ya zaga da mu, da 'yar wuƙa a hannu. Ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ya ce in tauna a hankali. Ba a jima ba harshena ya yi nauyi, maƙogwaro ya yi sanyi. Man da ke cikin kanumfari ne ke kashe zafi haka, shi ya sa masu aikin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Sai na tambaye shi, "Baba, to wannan ne maganin tari?" Ya girgiza kai, ya ce in fara gaya masa wane tarin.

Wannan tambaya ita ce ribar tafiyata. Busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ke hana barci, lallashi yake so: ruwan ɗumi da zuma da 'yan ƙwayoyin kanumfari. Zuma tana lulluɓe wurin da ya ƙuje, kuma likitoci ma sun yarda tana rage tarin dare ga yaran da suka haura shekara ɗaya. Tari mai majina kuwa ba a so a danne shi, so ake majinar ta saki ta fito. Dattijon ya durƙusa ya tono citta, ya karya ta, ruwanta ya jiƙa masa yatsu. Ita ake dafawa a sha da zafinta, a yawaita shan ruwa.

Wurin bishiyar kirfa muka fi daɗewa. Ya ɓanɓaro ɓawonta, ƙamshin da kowa ya sani. Ya murza ganyenta, sai na ji kamar kanumfari. Sannan ya yanko ɗan saiwa ya kai mini hanci, wallahi sai ka ce man zafin da ake shafa wa mai mura a ƙirji, saboda kafur da ke cikinta. Ya ce da ita suke sirace in hanci ya toshe, domin majinar da ke gangarowa maƙogwaro da dare ita ma tana jawo tari. Sai dai ni ba na son a zaunar da ƙaramin yaro gaban tafasasshen ruwa, ƙunar da zai iya samu ta fi murar illa.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne ya san iyakar gonarsa. Ya ce tarin da ya kai mako biyu, ko mai jini, ko mai zuwa da gumin dare da rama, asibiti ake kai shi a gwada majina, domin tarin fuka ba ya jin citta. Haka mai asma da ƙirjinsa ke ƙara kamar fito, da yaron da numfashinsa ke sauri. Akwai ma tarin da ƙwannafi ke tayarwa, wanda kayan yaji ke iya ƙara wa ƙarfi.

A bakin gona ana sayar da man kanumfari a ƙananan kwalabe, wata mata mai goyo ta ɗauki ɗaya tare da zuma. Dattijon ya tsayar da ita, ya nuna jaririn ya ce kada ko ɗigo ya shiga bakinsa. Tsantsar man na iya lalata hantar yaro, zuma kuma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jaririn da bai cika shekara ba. Ta mayar da man, ta riƙe zumar don babban ɗanta, muka hau mota zuwa ƙauyen Kidichi.