Abin da filin motoci ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullai in bar filin motocin da na daɗe ina wa aiki. Yaran da za su gaje ni wajen duba Beljiyam, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, kafin maigida ya biya kuɗi sun ce in bar musu wani abu a rubuce.

Ku fara da Range Rover Sport ɗin nan 'yar 2007, mai injin gas 2.7 TDV6. Fatar kujerunta ko tsaga babu. Na tayar da ita da sanyin safiya, na ji ƙwanƙwasa can ƙasan injin, fitilar mai kuma ta yi nawar mutuwa. Na ce wa maigida, "Ranka ya daɗe, a bar ta. Injin nan ya yi suna wajen karya karankshaf, babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin." Ya ce ni bakanike ne, ban san kasuwa ba, mai saye kujera yake kallo. Aka biya, aka wanke, aka sayar wa wani Alhaji. Ba a jima ba ta tsaya cak a hanyar Zariya.

A gaban Alhajin maigida ya nuna ni da baki: "Ga wanda ya duba ta." Motar da sai an ɗaga gangar jikinta daga kan shasi kafin a ciro injin, ku ƙiyasta kuɗin aikin, ga na injin da aka nemo a Ƙofar Ruwa. Daga albashina aka riƙa yanka. Ban ce uffan ba, amma tun ranar duk motar da na duba sai na tura wa maigida sakamakon ta WhatsApp, da hoto da ƙarar injin. Ku ma ku yi haka, ko da za a ce kun cika tsirfa.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Motar da ke tafiya kan jakar iska maimakon sifirin, ku bar ta ta kwana, ku ga ko wani gefe zai durƙusa. Sababbi-sababbin masu matatar hayaƙi don gas ɗin Turai aka ƙera su, wanda tun 2009 aka tace shi sosai. Namu gas ɗin kan toshe matatar. Marsandi GL 320 CDI kuwa, ku haska tocila tsakiyar injin, nan mai yake taruwa idan yana yoyo. Wanda ya nace sai jif mai gas, ku nuna masa Land Cruiser 100, duk tsadarta.

Irin waccan Range ɗin har yanzu akwai biyu a filin. Ba a ce in duba su ba.